Ƙaryar da Ta Kusa Kai Kamilu Fili

Akwai wani yaro a Sharaɗa, mayen ƙwallo ne. Ko aikensa aka yi, sai ya tafi yana shurin gwangwani a hanya.

Ran nan suna wasa a filin bayan wani kamfanin robobi. Ya yi tsalle zai sa wa ƙwallo kai, sai suka yi karo da mai tsaron gida, gum! Yara suka fasa masa ledar ruwa a ka, suna cewa, "Tashi mana, kai fa namiji ne!" Ya tashi ya ci gaba. Yana komawa gida sai jiri da amai.

A asibiti likita ta ce wa Umma, "Ƙwaƙwalwarsa ce ta girgiza. Ba ƙwallo sai na ba da izini. In ya sake buguwa kafin ya warke, abin zai yi muni."

Zaman gida ya fi masa ciwon zafi. Umma da Baba tun safe suke fita aiki a kamfani. Abokansa sau ɗaya suka leƙo, shi ke nan. Da yamma yana kwance yana jiyo ihun 'yan ƙwallo, har ƙwalla ta cika masa ido. Kewa ta ishe shi.

Sai wata nas, Anti Godiya, ta sa shi a guruf ɗin WhatsApp na yara 'yan wasa da suka bugu a ka. Umma ta bar masa tsohuwar wayarta. Saƙon murya kawai ake turawa, domin hasken waya yana ƙara ciwon kai. Kullum da safe kowa zai faɗi yadda ya tashi.

To, ranar Asabar unguwarsu za ta buga wasan ƙarshe, shi kuwa gogan ya ƙudura sai an yi da shi. Ran Alhamis ya ɗauki waya, kansa na sarawa, ya ce, "Ni dai na warke sarai. Asabar ina fili."

Da rana sai ga muryar Kamilu, wani ƙaramin yaro daga Challawa. "Yaya, ai rana ɗaya muka bugu. Tunda ka warke, ni ma na warke ke nan. Yau da la'asar zan fita wasa."

Gogan namu ya saurari saƙon, ya ajiye wayar. Anti Godiya tana bakin aiki, ba ta ji ba.

Da Umma ta dawo ƙarfe biyu, ta tarar da shi ya yi tagumi.

"Lafiya? Kan ne?"

"Umma, ƙarya na yi." Ya kwashe komai ya gaya mata.

"Subhanallahi! To, wa kake jira ya gyara maka? Ga wayar nan."

"Za su yi mini dariya."

"Su yi. Dariya ba ta kwantar da kowa a asibiti."

Ya danna wayar, ya fara magana. "Kamilu, don Allah kar ka fita. Ban warke ba. Kaina yana ciwo har yanzu. Wasan Asabar nake so, shi ya sa na yi ƙarya."

Shiru. Suka kira lambar Kamilu, ba a ɗauka ba. Aka kira sallar la'asar, har yanzu shiru. Ya kasa zaune, ya kasa tsaye.

Can sai waya ta yi ƙara. "Yaya, har na ɗaura takalmi, amma na cire. Ni ma kaina yana ciwo. Kunyar faɗa nake ji."

Gogan namu ya fashe da kuka don murna. Ba wanda ya yi masa dariya. Wasu yara biyu ma suka ce su ma ɓoyewa suke yi.

Bai buga wasan Asabar ba. Amma kullum sai sun gaisa da Kamilu, kewar ta ragu. Bayan mako uku likita ta ba su izini, suka koma fili lafiya lau.

Yara, ɓoye ciwo ba jarumta ba ce. Ku faɗi gaskiya, domin akwai wanda yake jin ku, kuma zai bi bayanku.