Yatsun Hadisa

Da rana tsaka Muntaka ya shiga tsohon zauren kiɗan nan na Southwest Washington, an turo shi duba na'urar sanyaya wurin. Fitilu a kashe, kujeru ɗari uku babu kowa. Sai ya ji ƙwas-ƙwas-ƙwas daga kan dandamali, kamar farce a jikin ƙofa.

Ya haska da wayarsa. Wata budurwa ce cikin baƙin mayafi, zaune gaban fiyano. Murfin a rufe yake, idonta ma a rufe, amma yatsunta na gudu a kan katakon.

Injiniya guda, da digiri biyu, bai san lokacin da a'uzubillahi ta kuɓuce masa ba.

Ta buɗe ido, ta tuntsire da dariya. "Mutum ce, wallahi. Sunana Hadisa. Mai makullin fiyanon ne bai zo ba, shi ne nake bita."

"Bita babu sauti?"

"Ni ina ji. Kai ne ba ka ji."

'Yar Kumasi ce, a Springfield ta tashi, tun tana shekara shida take kaɗa fiyano. Na'urar da aikinta bai wuce awa ɗaya ba, sai da Muntaka ya yi sati yana duba ta. Kafin wata uku ya raɗa mata suna Mai Yatsu, ita kuma tana ce masa Matsoracina.

Ranar da ya kai ta Upper Marlboro ta gaida mahaifiyarsa, Hajiya Rumasa'u, komai ya tafi daidai har Hajiya ta shiga kicin. Konsat ɗin Hadisa, wasan fiyanon da za ta yi gaban jama'a a zauren nan, saura sati biyu, kuma akwai wani wuri a kiɗan da ke ba ta wuya. Da Hajiya ta fito da tire, ta tarar da ita zaune a kafet, ido a lumshe, jiki na rangaji, yatsu goma na sukuwa a kan gwiwa, ƙafar dama na danna abin da babu.

"Hadisa."

Shiru. Sau uku ta kira. Tiren ya suɓuce.

Bayan baƙuwa ta tafi, Hajiya ta zaunar da ɗanta.

"Ka san ina da ƙanwa, Wahida. Ban taɓa faɗa maka yadda muka rasa ta ba. Haka ta fara a Funtuwa. Ta zauna, yatsu na motsi, ta karkata kai tana sauraron abin da ba ma ji. Aka ce iska ce, aka yi ta hayaƙi da rubutu. Wata safiya ta fita, har yau. Ba zan sake ganin wannan a gidana ba. Ko yarinyar nan ta bar abin, ko ka bar ta."

Muntaka ya yi bayani har ya gaji. Tsoron shekara arba'in ba ya jin bayani.

Ya faɗa wa Hadisa. Saƙonta ya shigo washegari: "Matsoracina, ina son ka, Allah ya sani. Amma idan sai na rufe fiyano zan shiga gidanku, ka faɗa min yanzu. Ba zan iya ba."

Ya mayar mata: "Mai Yatsu, a rufe na same shi, kuma kin ga abin da ya yi min. Ki ajiye mana kujera biyu a gaba, ta hagu, inda ake ganin hannu."

Hajiya ta yarda za ta je konsat ɗin ne kawai don ta tabbatar masa da maganarta. Da la'asar ɗin Lahadi ta zauna a zauren, kwalbar ruwan tofi a jaka, carbi a hannu.

Hadisa ta fito, ta zauna, ta lumshe ido. Rangajin nan ya dawo. Yatsun nan, ƙafar nan mai danna fedar fiyano, babu abin da ya canza daga na falo. Sai dai yau kowane yatsa ya sauka, sauti na tashi a ƙarƙashinsa, a hankali kamar yayyafi a kan kwano, sannan ya cika zauren. Carbin Hajiya ya tsaya. Muntaka ya waiga, ya ga hawaye har haɓarta.

Da aka tashi, Hajiya ta bi shi zuwa bayan dandamali. Hadisa ta durƙusa za ta gaishe ta, Hajiya ta kama hannayenta biyu tana juya su.

"Ranar nan a falona, wannan kike ji?"

"Shi ne, Mama."

Hajiya ta ƙura wa yatsun ido.

"Ita Wahida babu wanda ya tambaye ta me take ji," ta ce. "Har ni."

Ba ta saki hannun ba. "Lallen waɗannan yatsun, ni zan sa da kaina."

A Springfield aka ɗaura aure, 'yan Kumasi da 'yan Funtuwa cike da gida. Ana tsaka da guɗa, wata tsohuwa ta hango yatsun amarya, jajir da lalle, suna motsi a ƙarƙashin mayafi. Ta dafe ƙirji, ta fara salati.

Hajiya Rumasa'u ta ɗaga mata hannu.

"Ku rage murya. 'Yata tana aiki."

Allah ya ba su zaman lafiya, ya sa a gidansu kullum a sami mai tambaya me kake ji.