Wanda Masallacin Tudu Bai Sani Ba

A tashar Nguru suka fara ganin juna, cikin motar Gashua da ta ƙi cika tun hantsi. Sabuwa ta shigo da bokitin turaren wuta da mahaifiyarta, Inna, ta haɗa wa babbar 'yarta mai jego, ga jaka, ga ledar kayan jariri, ta rasa inda za ta sa ƙafa. Saurayin da ke jikin taga ya miƙo hannu ya karɓi bokitin ya ɗora a cinyarsa, ya tura kwalin kayan injin da ya sayo ƙarƙashin kujera.

Har suka wuce Jajimaji yana riƙe da bokitin. Sai da mota ta faɗa wani rami, murfin bokitin ya ɗaga, ƙamshi ya cika ko'ina, sannan ya ce yau kam abokan aikinsa ba za su yarda daga sayen kayan inji yake ba. Ta yi dariya cikin mayafi. Da ta ɗago suka haɗa ido, kowa ya yi saurin kallon wani wuri.

Kafin su shiga Gashua ta san sunansa Laminu, Bamange ne ɗan asalin Yusufari, sana'arsa gyaran injin ban ruwa, kuma yana zaune a Unguwar Goruba, wata ƙaramar unguwa a bayan gari. Shi ma ya san 'yar Alhaji Yunusa mai hatsi ce. Lambar waya kuwa sai da ya ɗaukar mata kaya har ƙofar gidan yayarta sannan ta ba shi.

Bayan ta koma Nguru saƙonni suka fara zirga-zirga.

"Sabuwata, tun safe ina cikin laka har gwiwa. Duk sanda waya ta yi ƙara sai in ruga in wanke hannu ko ke ce. Yawanci ba ke ba ce. Ki tausaya wa sabuluna."

"Injiniya, ka gama wa mutane aikinsu tukuna. Ni ina nan, ba inda za ni."

Ba su ja abin da nisa ba. Damina na tsakiya magabatan Laminu suka zo daga Yusufari neman iri. Alhaji Yunusa ya karɓe su hannu biyu, ya ce su ba shi lokaci ya yi bincike. Kowa a gidan ya san irin bincikensa. Ba ya tambayar abin da saurayi ya tara. Masallacin unguwarsu yake aikawa, in masu sahu sun san shi, sun shaide shi, magana ta ƙare. Da haka ya aurar da yayyenta, kuma ba wadda ta taɓa dawowa da kuka.

Ƙanensa, Kawu Nagoggo, shi aka tura. Ya tafi wata ranar Laraba da damina ta fara ja baya, ya dawo da yamma fuskarsa ba walwala.

Daga bayan labule Sabuwa ta ji komai. Kawu ya ce ya sami unguwar ba wuya, ya tambayi inda Mangawa suke, aka nuna masa masallacinsu a kan tudu. Ya yi azahar da la'asar a nan. Liman bai san wani Laminu mai gyaran inji ba, ladan ma haka. Wani yaro mai kirki, mai kanti a gefen masallacin, Mu'awiya, shi ya sauke shi ya ba shi abinci, kuma ya rantse bai taɓa ganin Laminu a sahu ba ko sau ɗaya.

Da jin sunan Mu'awiya Sabuwa ta gane shi. Shi ne wanda ya gan ta ranar sunan ɗan yayarta ya aiko yana so, ta ce a ba shi haƙuri.

Alhaji ya ce, "Mutumin da masallacin unguwarsu bai sani ba, ni ma ban san shi ba. A bar maganar."

Ranar Sabuwa ba ta ci tuwo ba. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne ita kanta ta fara shakka. Ta tuna duk lokacin da ya katse hira ya ce an kira salla. To ina yake zuwa? Washegari ta rubuta masa.

"Laminu, Kawu ya je unguwarku. Liman ya ce bai san ka ba. Baba ya ce a bar magana. Ka faɗa mini gaskiya ko da za ta yi mini ciwo."

Ba a jima ba amsa ta shigo.

"Sabuwata, wane liman? Kawu ya tsallaka ruwa kuwa?"

Ya kira ta, ya yi mata bayanin abin da bai taɓa tunanin yana buƙatar bayani ba. Unguwar Goruba suna ɗaya ce amma gida biyu ce. Akwai Tudu, kusa da titi, inda Mangawan da rairayi ya ci gonakinsu suka fara sauka, Hausawa 'yan kasuwa da ma'aikata suka biyo su. Akwai Gangare, ta wajen kogi, inda Badawa masunta da manoman shinkafa suka yi gidaje, yawancinsu daga Dagona. Tsakaninsu wani kwari ne. Da rani yara ƙwallo suke bugawa a cikinsa, amma in kogi ya kawo sai ya cika, sai da kwale-kwale, kuma gorubar da ke bakinsa ta can tana rufe gidajen ruf. Shi a Gangare ya gina ɗakunansa, don a nan masu injuna suke. A duk layinsu shi kaɗai ne Bamange.

Numfashin da Sabuwa ta sauke, har Inna da ke tankaɗe a tsakar gida sai da ta waiwayo.

Amma sanin gaskiya bai buɗe ƙofar Alhaji ba. Da Inna ta kai masa bayanin, ya ce ba a tambayar saurayi shaidar kansa, wanda ake bincike a kansa dole ya nemo abin faɗa. Kuma ƙanensa ya aika, dattijo mai furfura. In ya tura wani a bayansa, ya ce wa duniya Nagoggo maƙaryaci ne ke nan. Ana cikin haka sai ga 'yan'uwan Mu'awiya sun fara zuwa gaishe da Alhaji a rumfarsa, Kawu kuwa sai yabon yaron yake.

Inna ba mace ce mai yawan magana ba, amma ba ta yarda a yanke wa 'yarta hukunci a kan wurin da ba wanda ya taka. Ta ce wa Alhaji tana son zuwa duba jikanta a Gashua, Sabuwa za ta raka ta. Sun je, sun ga jariri, sun sha kunu. Daga nan Inna ta yafa mayafi ta ce a kira musu mai Napep.

Tudu ya yi kama da kowace sabuwar unguwa. Gidajen bulo da ba a gama ba, kantuna, injin niƙa, yara na surutu da Hausa, tsofaffi na gaisawa da Manganci a gindin bishiya. A ƙarshen layi ƙasa ta gangara, ruwa ya shimfiɗu, can gaba goruba ta yi duhu. Wanda bai sani ba zai rantse a nan gari ya ƙare.

Inna ta kama hannun Sabuwa gam suka shiga kwale-kwale, tana ta salati har suka kai. Suna kewaya gorubar sai ga gari guda. Taruna a shanye kan darni, ƙamshin bandar kifi, shinkafa baje a tabarmi, da wani ƙaramin masallaci mai farin fenti.

Inna ba ta nemi gidan Laminu ba. Ta yi sallama a gidan farko da ta ji muryar mata, ta ce baƙi ne ƙishirwa ta kama su. Matar gidan, wata dattijuwa Babadiya da ake kira Iya Zara, ta shimfiɗa musu tabarma. Inna ta fara tambaya kamar mai neman gidan haya. Ina ruwa yake tsayawa in ya kawo sosai? Ina ake ɗiban na sha? In naƙuda ta kama mace kwari na cike, yaya ake yi? Iya Zara ta nuna mata alamar ruwan bara a jikin wata goruba, can ƙasa da gidaje. Ta ce famfon sola na bayan masallaci, akwai ungozoma a layi na gaba, kuma kwale-kwale ɗaya ba ya zuwa kamun kifi, ajiye yake don marasa lafiya. Ta ce su Badawa ne suka fi yawa, sai gidajen Ngizimawa kaɗan, sai Fulanin da ke kawo nono daga rugar bayan gonaki. Da 'yan Tudu kuwa ba faɗa, sai dai in ruwa ya zo kowa ya manta da wani har kaka.

Sai a ƙarshe Inna ta ce ta ji akwai wani Bamange a nan.

"Laminu? Ai namu ne, Hajiya," in ji Iya Zara. "Mun hana shi dafa abinci, gwauro ne, kwano-kwano muke aika masa. Yarenmu ne dai ya gagare shi, in ya yi gaisuwa sai yara su faɗi da dariya. In ladanmu ya tafi kamun kifi, shi ke kiran salla. Muryar ce dai sai haƙuri."

Sabuwa ta sunkuyar da kai, hawaye da dariya suka haɗe mata. Iya Zara ta dube ta, ta dubi Inna, ta ce ashe ƙishirwar ta daban ce.

Da suka koma Nguru, Inna ba ta je wa Alhaji da labarin ba. Gidan Kawu ta nufa da ƙullin busasshen kifi. Ta gaishe shi da ladabi, ta ce ita mace ce, abin da ta gani ba shaida ba ne, amma akwai ragowar unguwa bayan ruwa, kuma ba wanda ya cancanci ya ƙarasa aikin sai wanda ya fara shi.

Kawu ya daɗe yana shafa gemu. Ya ce shi da ya ga ruwa ya ɗauka iyakar ke nan, kuma tunda aka ce Bamange, ina zai neme shi in ba cikin Mangawa ba? Yaron kantin nan kuwa yana kallon sa yana ta tambaya, bai ce masa ga hanya ba. Ya tambaya a hankali ko kwale-kwalen yana girgiza sosai. Inna ta ce ita ma ta shiga ta fito.

Ranar Juma'a ya tafi, bai gaya wa kowa ba. Asabar da safe ya shigo gidan, bakin wandonsa da busasshiyar laka, ya zauna gaban yayansa.

"Yaya, rabin unguwa na bincika na kawo maka a matsayin duka. Na koma na ƙarasa. Yaron nan a ba shi."

Alhaji ya dube shi, ya dubi ƙofar ɗakin Inna da labulenta ke motsi, ya ce to, Alhamdulillahi, a aika Yusufari.

Sabuwa ta shige ɗaki ta rubuta, "Injiniya, Kawu ya tsallaka."

"Allah ya saka wa Kawu. Sabuwata, yau in na taɓa injin wani ɓata shi zan yi. Na rufe shago."

Bayan kaka aka ɗaura aure a ƙofar gidan Alhaji. Ana shirin farawa sai ga wata doguwar mota ta tsaya, mutanen Gangare suka yi ta fitowa, limaminsu a gaba, masunta da manoma cikin fararen kaya, har tabarmi suka kasa. Alhaji ya miƙe da kansa ya tarbe su. Ya riƙe hannun Laminu ya ce, "Na aika a tambayo masallacinku, ga shi ya taso ya zo da ƙafarsa. Na ba ka ita da zuciya ɗaya."

Da yamma aka kai amarya. Ruwa ya janye, motoci suka bi ta cikin kwarin, matan Tudu suka fito suka bi ayari, matan Gangare suka tarbe su da guɗa. Inna ta zaga gidan, ta duba randa, ta duba madafa, ta gwada sakatar ƙofa, sannan ta damƙa hannun 'yarta a na Iya Zara ta ce amana. Iya Zara ta ce ta karɓa.

Da gida ya yi shiru, Laminu ya tsaya a bakin ƙofa yana murmushi.

"Sannu da zuwa unguwarmu, Sabuwata."

"Unguwarmu," ta maimaita, hankalinta kwance.

Allah ya sa albarka a wannan gida, ya ba su zuri'a tagari, ya zaunar da su lafiya da maƙwabtansu na tudu da na gangare.