Sunan da Inna Ba Ta Faɗa

Fitilar na'urar ta koma shuɗiya, alamar tana saurare ke nan. Muryarta ta fito daga bangon ɗakin jinya a tausashe.

"Hajiya Ladidi, bayanan lafiyarki naki ne ke kaɗai. Idan kina son wani ya gani, faɗi sunansa da bakinki."

Tsohuwar ta ɗaga hannu da ƙyar, ta nuna mutumin da ke tsaye a bakin taga. "Ga shi nan. Ki nuna masa."

"Ban ji suna ba."

"Ke wace irin kurma ce? Na ce ga shi nan, mai farar riga!"

"Ban ji suna ba."

Mai farar rigar shi ne Injiniya Nafi'u, ɗanta na fari, wanda shi kaɗai ya rage mata a duniya. Shi ne kuma ya ƙera na'urar da ke musu da uwarsa.

A Sabuwar Funtuwa, inda jiragen waya, masu rataye da igiyar ƙarfe, ke yawo da fasinja a saman gonakin auduga, babu asibitin da ba a kafa Rufin Asiri ba, sunan da aka raɗa wa na'urar ke nan. Kafin zuwanta abin ba daɗin ji. Sakamakon gwajin mutum yakan riga shi isa gida. Kamfani ya sallami ma'aikaci don ya ji zuciyarsa ta fara rauni, a fasa aure don wani ma'aikacin asibiti ya kasa riƙe bakinsa. Nafi'u ya rantse sai ya toshe wannan ɓaraka. Ya tattara komai, gwajin jini da hoton ƙirji da maganin da aka rubuta, ya kulle a rumbun lantarki, ya damƙa wa mai ciwo makullin. Ya soke dangwalen yatsa, don ana iya kama yatsan mai barci a dangwala. Ya soke sa hannu, don ana kwaikwayonsa. Hanya ɗaya tak ya bari: mai ciwo ya furta sunan wanda ya yarda da shi, yana cikin hayyacinsa. Likitan da ya yi suɓul da baka a gaban wanda ba a ambata ba kuwa, na'urar tana ji, aikinsa ya ƙare ke nan. Aka yi ta tafa masa, har daga ƙetare aka zo koyo.

Shi da abokan aikinsa, duk da tulin karatunsu, ba wanda ya tuna da uwarsa. Matan zamanin Inna Ladidi ba sa faɗin sunan ɗan fari, alkunya ce da suka sha a nono. Balle shi da ya ci sunan surukinta, marigayi Malam Nafi'u, sai kunya biyu ta haɗu a wuri ɗaya. Tun yana rarrafe "wannan" take ce masa, in ya faranta mata ta ce "Mai sunan Malam". Ko ranar da ya ɓata a kasuwa yana ƙarami, maƙwabciya ta jawo ta riƙa ƙwala mata kiran, ita tana biye tana kuka.

"Inna, don Allah ki faɗa," in ji Nafi'u. "Sau ɗaya kawai. In kina jin nauyina ne sai in fita."

Ta dubi bangon a ɗage. "Mai sunan Malam."

"Babu mai wannan suna a rajistar birni," in ji na'urar.

"To ke kika sani." Ta juyar da fuska. "Da furfurata in buɗe baki in kira... a'uzubillahi! Ƙarfe ne zai koya mini rashin ta-ido?"

"To ke faɗa mini abin da likita ta ce."

"Da sauƙi."

Da sauƙi! Mace ta rame ta koma kamar sillen kara, dasashinta yana tsatsar jini, ko kofin ruwa ba ta iya riƙewa, wai da sauƙi. Likita ta yi mata bayani ita kaɗai kamar yadda doka ta ce, amma zazzaɓi da nauyin kunne sun cinye rabin maganar. Abin da ta riƙe kawai shi ne jininta ya gaji. Ko wannan ma, a ganinta, ba zancen da uwa za ta yi da ɗan fari ba ne.

Nafi'u ya tare Dakta Rumasa'u, likitar da ke duba ta, a baranda.

"Dakta, ni fa ɗanta ne."

Ta sunkuyar da kai, ta dubi 'yar fitilar na'urar da ke maƙale a wuyan rigarta. "Injiniya, kai ka fi kowa sanin bakina a ɗaure yake. Ba ita kaɗai ce a hannuna ba. In aka kore ni, sauran fa?"

"Ko ishara ce ki yi mini."

Idanunta suka ciko. "Ka lallashe ta. Kada ka ce sai gobe."

Daga nan ya zarce ofishinsu, ya ce a buɗe masa ta ciki. Mataimakinsa Sha'aban ya miƙe tsaye yana murza hannu.

"Ranka ya daɗe, ai babu ƙofar baya. Mun roƙe ka a bar ko guda saboda irin wannan rana, ka ce ƙofar baya ta ɓarawo ce."

Haka ya ce kuwa, har a gaban jama'a, yana dariya. Ya zauna da kansa ya gwada fasa ta, ya bi ta nan ya bi ta can, ko gezau. Ya gina ta da kyau, abin takaicin ke nan.

Kwanaki suka yi ta tafiya. Kullum yana gefen gadonta yana ba ta kunu da cokali, yana roƙo. Ya kawo limamin unguwarsu ya ce mata babu zunubi a ciki, ta ce ita ma ta sani, ba zunubi ne ya hana ta ba. Wata rana haƙurinsa ya ƙare, ya durƙusa ya kama ƙafafunta.

"Inna, kunyar nan za ta raba ni da ke! Wa gare ni in kin tafi?"

Kuka ya ƙwace masa, ƙato da shi, mai gemu. Ba ta tsawata masa ba. Ta daɗe tana kallon tsakar kansa, inda gashi ya fara zubewa.

Washegari da hantsi ta ce, "Wannan, jeka ka samo mini fura. Ta Fulanin bakin kasuwa nake so, ba ta injin nan ba." Da ya fita ta sallami masu jinya su ma, ta ce su ja mata ƙofa.

Yana cikin jirgin waya a hanyar dawowa, da kwanon fura a cinyarsa, agogon hannunsa ya yi ƙara. Rubutu ya fito: an buɗe maka bayanan Hajiya Ladidi.

Ya karanta nan take. Ciwon dajin jini ne. Maganinsa dashen ɓargo, kuma ɗanta ne aka fi sa rai zai dace. Tun farkon kwanciyarta Dakta Rumasa'u ta yi ta maimaita magana ɗaya: a nemi ɗanta, babu izini. A can ƙarshe ta rubuta cewa jiki ya riga ya yi rauni, dashe ba zai yiwu ba kuma. Allah sarki! Duk tsawon jinyar nan maganin yana cikin ƙashinsa, yana tsaye da shi a bakin taga.

Da gudu ya hau bene. Ya tarar an ja mata mayafi har kai, Dakta Rumasa'u na tsaye tana share hawaye.

"Sai haƙuri, Injiniya. Ba ta daɗe da cikawa ba."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Ya ajiye furar a ƙasa. Ya daɗe durƙushe, sannan ya ɗago ya dubi bangon.

"Ta faɗa?"

Fitilar ta koma shuɗiya. "Ta faɗa."

"Sa mini in ji."

"Ana goge muryar izini da zarar an tantance ta, don kada a sace a yi amfani da ita."

"Ni ne Nafi'u! Ni na ƙera ki!"

"Na gane ka, Injiniya. Kai ka rubuta ƙa'idar."

Ya jingina goshinsa da bangon. "To yaya ta faɗa? Da ƙarfi ko a hankali? Ta yi kuka?"

"Ban adana ba."

Tun da ta haife shi, sau ɗaya uwarsa ta kira sunansa. A duk faɗin duniya abu ɗaya ne ya ji, kuma shi da hannunsa ya koya masa mantuwa.