Ruwan Zafi a Bakin Tirela

Tun rasuwar Baba nake gyaran tsohuwar tirelarsa a bayan wani gareji a unguwar Bronx, nan ƙasar Turawa, irin mai gado da kicin a ciki. Ita kaɗai ya bar mini.

Wata rana da magariba na wanke daɓenta da ruwan zafi, na watsar waje ban yi bisimilla ba.

Sai ga wata tsohuwa a bakin ƙofa, ko suwaita babu a jikinta, duk da tsananin sanyin da ake yi.

"'Yar nan, kin ƙona mini jika. Fita. Muna ciki tun kafin ubanki ya saye ta."

Ni da ko gaisuwa kunya nake ji, na ce, "Iya, ki yi haƙuri. Amma wallahi ba inda za ni."

Ta matso dab da fuskata. Bakina na ta fitar da tururin sanyi. Nata babu.