Firdaoussi da Mai Wankin Ciwo

A cikin jirgin ruwan da ke tsallaka mutane daga Manhattan zuwa Staten Island, a ƙasar Amurka, Inusah ya fara jin muryarta. Ya taso daga aiki ke nan da la'asar, da shuɗin kayan asibiti a jikinsa, sai ya ji wata budurwa a bayansa tana yi wa wani dattijo faɗa cikin ladabi, da Hausar Nijar mai gauraye da Faransanci.

Ya waiwaya. Doguwa ce, baƙa, da ɗan ƙaramin gilashi a fuskarta, ta durƙusa tana ƙoƙarin sassauta wa dattijon takalmi. Idon Inusah ya daɗe a kanta fiye da yadda ya kamata kafin ya sauka kan ƙafar. Ta kumbura har idon sawu, safar kuma ta jiƙe.

Ya yi sallama, ya ce shi nas ne, ɗan zangon Kumasi, wankin ciwo ne aikinsa a wani asibitin gwamnati. Ya nemi izinin duba ƙafar.

Dattijon, Alhaji Amadou, mutumin Maraɗi ne da ya kusa tsufa a birnin Liège na ƙasar Beljiyam. Ziyara ce ta kawo shi wajen ƙanwarsa Balki, mai shagon atamfa a unguwar Port Richmond ta Staten Island, ɗiyarsa Firdaoussi ta rako shi. Sabon takalmi ne ya ji masa ciwo a yatsa, ga shi da ciwon suga, amma ya rantse ba zai taka asibiti ba sai ya koma gida.

Ya zaro wani shuɗin kati daga aljihu ya nuna wa Inusah. Ya ce da wannan kati aka duba shi a Sifen, aka duba shi a Italiya, domin ƙasashen sun ƙulla yarjejeniya, kowa yana kula da baƙon ɗan'uwansa. Amma da ya nuna shi a nan, sai aka ce ba a san shi ba.

Inusah ya ce gaskiya ne, Amurka ba ta cikin wannan yarjejeniya. Sai dai doka ta hana a kori wanda ciwon gaggawa ya kawo, baƙo ne ko ɗan gari. Firdaoussi ta tuna wa mahaifinta cewa ta yanki inshorar tafiya tare da tikitinsu, shi ne ma ya ce ɓarna ce. Alhaji ya kau da kai. Ya ce Abdou, ɗan amininsa mai kantin magani a Brussels, ya gargaɗe shi a waya kada ya yarda ya shiga hannun likitocin Amurka.

"Baba," in ji Inusah a hankali, "Abdou bai ga ƙafar nan ba, ni na gani. In ka jira sai ka koma, mai yiwuwa ba za ka koma da ita ba."

Alhaji ya dubi ƙafar, ya ce a kai shi asibitin. Da jirgin ya tsaya suka sauka tare da jama'a, suka zagaya, suka sake hawa wanda zai koma Manhattan. Inusah, da gidansa ke nan kusa a Tompkinsville, bai ko kalli hanyar gidan ba.

An kwantar da Alhaji. Likita ta ce da an ƙara jinkiri da sai an yanke yatsan, watakila har da abin da ya fi yatsa. Ta hana shi hawa jirgin sama sai ciwon ya kame. Bayan an sallame shi aka sa masa ranakun zuwa wankin ciwo, aka kuma yi dace a hannun Inusah ya faɗa.

A ɗakin nan mai warin magani suka saba. Alhaji ya kan rufe ido yana jan carbi, Firdaoussi kuma ta tsaya tana fassara wa likita abin da ya ce, tana rage zafin maganar kafin ta isa Turanci. Inusah na lura da hakan, yana murmushi a bayan takunkumin fuskarsa.

Ran nan yana ba su labarin mahaifiyarsa, ya ce, "Mamana ya ce in gaishe ku." Firdaoussi ta toshe baki, dariya ta ƙwace mata. Ta tambaye shi ko mahaifiyar tasa namiji ce. Ya ce a zango haka suke magana, ba su da lokacin raba mace da namiji, kuma mutanen da ke ce wa ƙafa "ƙahwa" ba su da bakin gyara wa kowa Hausa. Har Alhaji sai da ya buɗe ido ya yi dariya.

Ta karɓi lambarsa don ta riƙa tambayar yadda za a kula da ciwon a gida. Tambayoyin farko duk a kan bandeji ne da abincin da Alhaji zai guje wa. Daga baya suka fara canza kama.

"Dokta, Baba ya saci dabino a shagon Tanti. In tona masa asiri?"

"Ni ba dokta ba ne, Madam Liège, nas ne. Ki bar shi da guda ɗaya. Ke kin ci abinci?"

Ta daɗe tana kallon tambayar nan ta ƙarshe. Tun rasuwar mahaifiyarta ita ke tambayar mutane ko sun ci, ba ta saba a tambaye ta ba.

Sai kwatsam wata Talata suka zo, ba Inusah. Wata ma'aikaciya mai suna Dokas ta tarbe su, ta ce daga yau ita za ta riƙa wanke ciwon, Inusah ne da kansa ya nemi a canza shi. Firdaoussi ta ji kamar an watsa mata ruwan ƙanƙara. Ta aika masa saƙo tana tambaya ko lafiya. Amsar ta zo gajeriya.

"Lafiya lau. Dokas ta fi ni iya aiki. Zan yi miki bayani idan lokaci ya yi, ki yi min haƙuri."

A ranar kuma Abdou ya kira. Ya daɗe yana neman aurenta, Alhaji ma yana son abin, ita ce ba ta taɓa cewa e ba. Da ya ji labari ya yi dariya, ya ce ai haka mutanen can suke, sun gane baƙi ne da katinsu ba ya aiki, sun jefar da su ga wani. Firdaoussi ba ta yarda da maganar ba, amma ta zauna mata a rai. Ta daina rubuta wa Inusah. Ta kan zauna a shagon Tanti Balki tana ninke atamfar da riga an ninke.

Dokas ce ta warware ƙullin. 'Yar Jos ce, mai faɗin gaskiya, kuma ta gaji da ganin fuskoki biyu a murtuke, ɗaya a ɗakin wankin ciwo, ɗaya a ɗakin shan shayin ma'aikata. Ta ja Firdaoussi gefe ta ce mata ƙa'idar aikinsu ba ta yarda ma'aikaci ya nemi 'yar majinyacinsa ba alhali majinyacin na hannunsa. Inusah ya je ya faɗa wa shugabarsu gaskiya, ya ce ba zai iya ci gaba da riƙe ƙafar uba yana tunanin ɗiya ba. Ya so ya jira Alhaji ya warke kafin ya buɗe baki, don kada a ce ya ci moriyar ciwon.

Firdaoussi ta fita tsakar asibitin, ta rubuta:

"Dokas ta tona ka. Ashe gudun ƙafar Baba ka yi saboda ni?"

"Ba gudu na yi ba, Odo, hanya na canza. Ta ƙofar asibiti na shigo rayuwarku, ina so in sake shigowa ta ƙofar gida."

"Mene ne Odo?"

"Yaren Twi ne, na mutanen Kumasi. Ki tambayi zuciyarki, ita ma ta iya fassara."

Da ciwon ya kame, Inusah ya zo gidan Tanti Balki tare da kawunsa Rashidu, direban bas da ke zaune a University Heights. Alhaji ya karɓe su hannu biyu, ya sa aka kawo fura da kilishi, ya yi ta godiya. Amma da Rashidu ya faɗi abin da ya kawo su, sai fuskarsa ta canza.

Ya ce ba shi da abin da zai ƙi a jikin Inusah, yaro ne mai addini da hankali. Ƙasar ce bai yarda da ita ba. Ya ba su labarin matarsa, mahaifiyar Firdaoussi, wadda ta rasu a hanyar asibiti tun suna ƙauye, domin babu likita a kusa. Ya ce wannan ne ya fitar da shi daga gida, ya sa ya haƙura da sanyin Turai da aikin masana'anta, don ɗiyarsa ta zauna inda in ta yi tari za a duba ta.

"Yanzu in ɗauke ta in ajiye a ƙasar da ta kalli katina ta ce ba ta san ni ba?" Ya girgiza kai. "Ku yi mani haƙuri."

Inusah bai yi gardama ba. Ya ce inshorar aikinsa za ta ɗauki matarsa, wannan ba matsala ba ce. Amma ba zai yi wa Alhaji ƙarya ya ce tsarin ƙasar nan ya kai na can sauƙi ba, shi da ke ciki ya san bai kai ba. Abin da zai iya yin alkawari a kai shi ne kansa. Suka yi sallama suka tafi.

Gidan ya yi tsit na 'yan kwanaki. Firdaoussi ba ta yi kuka a gaban mahaifinta ba, ba ta kuma fasa dafa masa abinci ba. Da ya tambaye ta ra'ayinta, ta ce ba za ta yi aure ba da yardarsa ba, amma kada ya sa ran za ta auri Abdou.

Tanti Balki ce ta tare yayanta wata safiya a shago. Ta ce masa ita a nan ta haifi 'ya'yanta, a nan ta yi jinyar mijinta, ba ta mutu ba. Ta tambaye shi, ranar da ƙafarsa ke ruɓewa, wa ya kai shi asibiti? Wanda ke zaune a ƙasar kati ya ce masa ya jira, wanda ya gaji da aiki kuma ya juya ya sake tsallaka ruwa da shi. Ta ce ranar da matarsa ta rasu, da akwai mutum irin Inusah a kusa, da watakila labarin ya canza.

Alhaji ya miƙe. Ya ɗauki sandarsa ya ce zai taka ya motsa ƙafa. Ashe bas ya hau zuwa Tompkinsville, ya yi ta tambaya a shagunan 'yan Ghana har aka nuna masa gidan Inusah. Ya same shi da kwandon wanki a hannu.

"Na zo da sharaɗi," in ji Alhaji, tun bai zauna ba. "Ba za ta ajiye takardunta na Beljiyam ba. Duk shekara za ka kawo mani ita. Kuma ranar da ta ce kanta na ciwo, ba ka jira sai gobe."

Inusah ya ajiye kwandon, ya durƙusa har ƙasa. Ya kama hannun dattijon ya riƙe.

Kwanakin da aka ba su na baƙunta sun ƙare, uba da ɗiya suka koma Liège. Sanyin shekarar ya yi musu tsawo. Ana ta bin takardu a ofisoshi, su kuma suna ta hira a waya, tana koya masa Faransanci, yana koya mata dafa waakye, shinkafa da waken mutanen Ghana, ta bidiyo. Na farkon da ta dafa ya caɓe, Alhaji ya cinye ya ce ko a Kumasi sai haka. Abdou ya yi fushi na ɗan lokaci, daga baya ya aiko da turare da fatan alheri.

Da bazara suka dawo. An ɗaura auren ranar Asabar bayan azahar, a wani masallaci da ke University Heights, aka wuce zauren biki a kusa. Matan Nijar sun zo da dambu, matan zango da manyan tukwanen waakye, Dokas ta jawo rabin ma'aikatan sashensu, kowacce ta ɗaura ankon da Tanti Balki ta zaɓa. Yaran da aka haifa a nan suna ta guje-guje, ana kiransu da Hausa suna amsawa da Turanci.

Mahaifiyar Inusah ta iso daga Kumasi ana saura kwana kaɗan. Ƙaramar tsohuwa ce mai yawan dariya. Da aka kawo mata amarya ta ɗaga mayafin, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce ɗanta ya yi mata rowa a waya, bai faɗi rabin kyan ba.

Da lokacin tafiya ya yi, Alhaji ya kira su biyun. Ya shirya doguwar nasiha tun a jirgi, amma da ya ga Firdaoussi a durƙushe cikin farin leshi, sai duk ta gudu. Ya ɗora hannunta a kan na Inusah.

"Ita kaɗai gare ni," ya ce. "Allah Ya ba ku lahiya da zaman lahiya, Ya ba ku zuri'a mai albarka. Ku tashi ku tafi, kada ku sa ni kuka a gaban Balki."

Zauren ya amsa da amin. Tanti Balki, wadda ta riga shi fara kukan, ta rangaɗa guɗa. Inusah ya miƙe da matarsa, suka bi ta tsakiyar mutane ana yayyafa musu turare, har bakin mota. Kafin ta shiga Firdaoussi ta juyo ta ɗaga wa mahaifinta hannu, shi kuma yana tsaye a bakin ƙofa, yana ta maimaita addu'ar da bai gama ba.