Jan Bik a Kan Kallabin Bilkisu

Akwai wata yarinya a unguwar Dar es Salam, nan Yamai. Sunanta ya kuɓuce mini, kamar yadda sunaye suke yi mini yanzu. Amma abin da ta yi bai kuɓuce ba. Ko yau na tuna, sai raina ya sosu.

Tana aji biyar a lakwal. A shekarar wani yayi ya shigo. Yara suna tara sa hannun mutanen da suka yi suna: mawaƙa, 'yan ƙwallo, 'yan kokawa. Wani a kan hula, wani a kan riga, wani a bayan hoto.

Ita ta fi kowa tarawa, don yayanta yana yawan kai ta filin wasa. Sai yara suka mai da ita alƙali. Duk wanda ya samo sabo, wajenta zai kawo. Ta kai shi kusa da ido, ta murtuke fuska. Ta ce, "Na gaske ne," ko ta ce, "Jabu ne." Abin da ta faɗa ya zauna. Tun tana jin kunya, har abin ya shiga kanta.

Ana nan, aka kawo baƙuwa ajinsu. Sunanta Bilkisu. Daga Tahoua aka sauya wa mahaifinta wurin aiki. Ba ta da ƙawa ko ɗaya.

Wata rana, lokacin shan iska, Bilkisu ta fito da wani farin kallabi daga jakarta. Akwai baƙin rubutu a bakinsa.

"Wannan sa hannun Dauda Mai Turmi ne," in ji ta.

Yara suka yi caa a kanta. Mai Turmi ɗan kokawa ne. Duk yaran ajin suna kwaikwayon tafiyarsa.

Yarinyar ta karɓi kallabin. Ta duba sama, ta duba ƙasa. Sai ta sheƙe da dariya.

"Ina babban harafin farko? Ina wutsiya? Ina layin ƙasa? Haka manya suke sa hannu. Wannan ai sawun kaza ne a kan toka!"

"A gabana ya rubuta!" in ji Bilkisu. "Babana ne ya ɗaga ni har na miƙa masa."

"Ƙanenki dai ya yi wasa da bik."

"Ba ni da ƙane!"

Yarinyar ba ta saurara ba. Ta zaro jan bik, wato biro, daga aljihu. Ta rubuta kalmar Faransanci mai nufin jabu a kan kallabin, da manyan haruffa. Har da ja mata layi.

Ku ji fa, yara! Kayan mutum, a gaban idonsa!

Bilkisu ta tsaya tana huci. "Wa ya ba ki izini? Naki ne?" Ta fizge kallabin, ta jefa mata a ƙafa. "Riƙe, tunda kin ɓata shi. Amma ni ba na ƙarya."

Kafin a tashi, an laƙaba mata suna: Bilki Jabu. Ko alli ta ce nata ne, sai wani ya ce, "Kin tabbata?" Washegari ita kaɗai ta ci abincinta a gindin dogon yaro.

Yarinyar kuwa ta tafi da kallabin gida. Bayan la'asar ta tarar da mahaifinta yana shan shayi a tsakar gida.

"Baba, ka ga wanda na kama. Wai sa hannun Mai Turmi!"

Mahaifin ya ajiye kofi. Ya sa tabarau. Ya juya kallabin, don a kife ta miƙa masa. Sai ya bi rubutun da yatsa, daga dama zuwa hagu.

"Dauda ɗan Abdulhakim. Allah ya yi albarka."

"Ina ka ga haka, Baba?"

"Ga shi nan, a ƙarƙashin ɓarnar da kika yi. Ajami ne. Hannun mutumin da ya yi karatun allo ne. Da irin wannan rubutu kakanki yake rubuto mini wasiƙa daga Damagaram. Shi kika kira me?"

Ta sunkuyar da kai. "Sawun kaza."

"Sawun kaza!" Ya ɗaga murya. "Fatuma, zo ki ji 'yarki!"

Uwar ta fito daga madafa tana goge hannu. Da ta ji labari, sai ta riƙe haɓa.

"Ke! 'Yar mutane, baƙuwa, kika mai da ita maƙaryaciya a gaban aji? Da ke aka yi wa haka, za ki kwana lafiya?"

"To ai ban sani ba, Inna."

"Wanda bai sani ba, bakinsa yake kamawa," in ji mahaifin. "Ba ya zaro jan bik."

"Ke nan na gaske ne, Baba?"

"Ban ce ba. Na karanta suna ne kawai. Kowa yana iya rubuta suna. Ni ban sani ba, ke ma ba ki sani ba. Mai hannun ne kaɗai ya sani."

Da safe mahaifin ya raka ta lakwal. Malaminsu, Mushe Boubacar, ya duba kallabin ya girgiza kai.

"Ni da aka ba jan bik, sai na karanta abu sau biyu kafin in taɓa shi. Ke wa ya naɗa ki?" Ya juya wajen mahaifin. "Alhaji, an ce Mai Turmi yana atisaye a Goudel, kan rairayin bakin kogi. A je da su duka biyu."

Ranar Asabar ce, ko Lahadi, na manta. Ranar da babu lakwal dai. Mahaifin ya roƙi iyayen Bilkisu, suka ba shi ita. A cikin taksi Bilkisu ta juya fuska wajen taga. 

Suka wuce lambunan salati da kabeji. Can suka hango ƙarti suna ta kama juna a kan rairayi. Da aka huta, mahaifin ya yi sallama. Wani ƙato ya taso, jikinsa duk ƙasa. Shi ne Mai Turmi.

Ya karɓi kallabin ya duba. "Wannan ai hannuna ne. To wa ya kayar da ni da jan bik? Ko a fili ba a yi mini irin wannan kaye ba!"

Abokansa suka kwashe da dariya. Yarinyar ba ta yi ba. Ta ce, "Ni ce."

"Don me, 'yata?"

"Na ɗauka duk manya da boko suke sa hannu."

"Ni ban taka lakwal ba. Allo na yi. Abin da malamina ya koya mini, da shi nake rubuta sunana, kuma ba na jin kunyarsa." Ya nuna Bilkisu. "Amma ba ni kika kayar ba. Ga wadda kika kayar nan."

Yarinyar ta matsa kusa da Bilkisu. "Ki yafe mini."

"A gaban aji kika ce na yi ƙarya," in ji Bilkisu. "A gaban aji za ki janye."

"Gaskiyarta!" in ji Mai Turmi. Ya shimfiɗa kallabin a gwiwa. Ya sake rubuta sunansa a ɗaya bakin, a hankali, daga dama zuwa hagu.

Ranar Litinin, Mushe Boubacar ya ce kowa ya yi shiru. Yarinyar ta fito gaban allo. Ta ɗaga kallabin sama.

"Bilkisu ba ta yi ƙarya ba. Ni ce ban iya karanta shi ba. Duk wanda ya sake ce mata Jabu, da ni yake."

Sai Bilkisu ta janye jakarta daga kan benci, ta matsa gefe.

"Zo ki zauna," in ji ta. "In nuna miki inda sunan ya fara."

Da shan iska, wani yaro ya rugo da hula a hannu. "Alƙali, duba mini wannan. Na gaske ne?"

Yarinyar ta duba, ta daɗe tana dubawa. Sannan ta mayar masa.

"Ban sani ba," in ji ta. "Mu je mu tambaya."

To, yara, kun ji. Abin da ba ka iya karantawa ba, ba shi ne ƙarya ba. Kada ka yanke hukunci a kan abin da ba ka sani ba, kuma kada ka kira mutum maƙaryaci sai ka bincika.