Wayar Amarya da Ƙafar Inna

Amarya ta matse tsumma ta shanya a bakin baho, ta miƙe tana dafe da ƙugu. Shekara uku da aurenta, amma har yau babu mai kiranta da wani suna a gidan sai Amarya. Ita kuwa ta manta rabon da ta ji kanta amarya. Tun da ciwon suga ya kwantar da Inna, uwar mijinta, kwanakinta suka koma iri ɗaya: dafa ruwa, wanke ciwo, naɗe bandeji, ba da magani, wanki, girki marar gishiri, sannan a sake daga farko.

"Ya kika gan shi yau?" in ji Inna, tana kallon silin don ba ta son ganin ƙafar.

"Da sauƙi, Inna."

"Ke dai kullum da sauƙi. To ki ji ni da kyau. Kada ki gaya wa mijinki Dogo yadda abin nan ya buɗe. Yaron nan babbar mota yake ja kwana da kwanaki, in tunani ya shige shi a kan titi, wa ya san abin da zai faru? Yayarsa ma kada ta sani. Tana ji za ta cika min ɗaki da kuka da jiƙe-jiƙe. Ki yi min alkawari."

Amarya ta buɗe baki za ta ƙi. Ba ta taɓa ɓoye wa mijinta komai ba. Amma tsohuwar ta riƙo hannunta ta ƙi saki.

"Na yi alkawari, Inna."

Matsalar ita ce asibiti da nisa, kuma su a hawa na biyu suke zaune. Duk ranar da aka sauko da Inna a matakala, sai ta kwana biyu tana nishi. Shi ya sa likitanta ya ce a riƙa turo masa hoton ciwon kowace safiya, in ya ga abin tsoro zai kira. Amarya ta gwada da tsohuwar wayarta mai fasasshen gilashi. Amsar da ya turo gajeriya ce: "Malama, wannan ƙafa ce ko hayaƙi? Ba na ganin komai. Ki nemi waya mai kyamara sosai."

Akwai ɗan abin da Dogo ya bar mata kafin ya tafi, ya ce ta yi ɗinki, don kayanta duk sun koɗe. Shi ta ƙulle a jaka. Ta roƙi maƙwabciyarta ta zauna da Inna na awa biyu, ta hau mota zuwa layin masu waya.

Shagon da ta shiga ƙarami ne, fanka na juya zafi kawai, kwalaye har silin. Mai shagon, wani mai ƙaton tumbi da tabarau a goshi, ya tarbe ta da fara'a.

"Hajiya, lale! Wacce za a ba ki? Ga sabuwar fitowa, kyamara huɗu gare ta!"

"Mai sauƙin kuɗi nake nema, amma mai ɗaukar hoto da kyau."

"Ai kin zo gida. Duba wannan. In kika yi selfi da ita, ko mijinki sai ya tambaya wace ce. Tana goge ƙuraje, tana ƙara haske..."

"Ba na son mai gogewa. Mai nuna abu yadda yake nake so."

Mutumin ya sauke tabaransa ya dube ta.

"Shekarata goma a sana'ar nan, ke ce ta farko da ta ce haka."

Amarya ba ta da ƙarfin dariya. Ta ce ya fito mata da guda uku da ba su fi ƙarfinta ba. Ta ɗauki ta farko ta matso da ita dab da tafin hannunta, hoton ya fito dishi-dishi. Ta biyu ta kama zanen hannun tsaf, amma da ta ɗauki jan murfin biron mai shagon sai ya koma ruwan lemo.

"Wannan tana ƙarya a kan kala," in ji ta. "In abu ja ne, ina so ya fito ja. In ya fara baƙi, ina so a gani."

"To, malamar makaranta ce ke ko 'yar sanda?"

"Kyamarorin nan huɗu, duka suna aiki?"

Ya sosa ƙeya. "Tsakani da Allah, biyu ado ne."

Ta uku ba ta da wani kyan gani, baƙa ce, kyamara biyu kacal. Amarya ta durƙusa ta ɗauki hoton wata tsagar siminti a ƙarƙashin kanta, inda haske bai kai sosai ba, don ɗakin Inna ma haka yake. Tsagar ta fito har da ƙurar cikinta. Ta sake gwada murfin biron, ya fito ja sak.

"Batirinta fa?"

"Yana wuni. Kuma tana da wajen ajiya da yawa."

"Kashe min duk wani abin gyaran fuska, ka sa min ita a leda."

Washegari likita ya amsa: "Yauwa! Haka nake so." Amarya ta yi ajiyar zuciya, ta sa wa wayar lambar sirri saboda alkawarin Inna.

Kwana biyar bayan nan Yaya ta zo, babbar yayar Dogo, mace mai murya kamar lasifika. Takan leƙo sau ɗaya a mako, ta zauna rabin awa a bakin gadon Inna, ta ga ƙafa a naɗe fes, ta tafi. Tana shigowa idonta ya faɗa kan wayar a kan tebur.

"Iye! Sabuwar waya? Uwarmu na kwance, ke kina shiga yayi?"

"Tsohuwar ce ta lalace, Yaya."

"Ta lalace ko an gaji da ita? Ƙanena na can yana cin kwalta, ana nan ana cin guminsa!"

Amarya ta ɗauki wayar ta wuce kicin. Tana tsaka da yanka albasa saƙon murya ya shigo, ta danna da bayan yatsa ba tare da ta lura Yaya na tsaye a bakin ƙofa ba. Muryar namiji ta cika kicin ɗin:

"Na ga na yau, ya yi kyau. Gobe ki turo min da wuri, ki matso sosai, ki buɗe labule don in gani da kyau."

Yaya ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Wane ne wannan?"

"Yaya, ba abin da kike zato ba ne."

"To mene ne? Buɗe wayar in gani!"

Amarya ta dubi ƙofar ɗakin Inna, ta dubi Yaya. Ta tura wayar cikin aljihun riga.

"Ba zan iya ba."

Ranar da Dogo ya dawo, bai shigo da sallamarsa ta kullum ba, wadda yakan ja ta tun daga matakala yana kiran "Madam, a zo a karɓi direba!" Ya gaida Inna, ya fito falo ya zauna da takalmansa a ƙafa. Idanunsa jajur, na tafiya da na wani abu daban. Tun yana hanya Yaya ta kira shi har sau uku.

"Sannu da zuwa, Direbana. In kawo ruwa?"

"Zauna." Ya murza fuska da tafukansa. "Ni ban yarda da abin da aka gaya min ba. Wallahi ban yarda ba. Amma ki taimake ni. Ina ɗinkin da na ce ki yi?"

"Waya na saya."

"Wa kike tura wa hoto kullum?"

Hawaye suka cika mata ido. Kalma ɗaya ce za ta raba ta da wannan tashin hankali, tana nan a bakin harshenta. Ta tuna hannun Inna a cikin nata.

"Ka ba ni lokaci kaɗan. Akwai amanar da aka ba ni. Na rantse maka ban ci amanarka ba."

"Amana? Tsakanina da ke akwai amanar da ta fi tawa?"

Ya daɗe yana kallonta, sannan ya tashi ya ɗauki filo ya ajiye a kan doguwar kujera.

Kwana uku suka yi a haka. Ba ya zagi, ba ya faɗa, abin da ya fi ci mata rai ke nan. Yana cin abincinta ya ce an gode, kamar baƙo a otel. Yaya kuwa ta tare a gidan, tana zuga daga safe zuwa yamma.

"Ka mayar da ita gidansu kawai! Waya mai lambar sirri a gidan miji? Mu da muka yi aure shekara ashirin ba mu taɓa jin haka ba!"

Sau biyu Amarya ta shiga ɗakin Inna da niyyar roƙonta ta sake ta daga alkawarin, sau biyu ta tarar da ita cikin zazzaɓi, ta fasa. Tana rufe ƙofa ta wanke ciwo, ta buɗe labule, ta ɗauki hoto, ta fito ta ci karo da harara. Ta rame, wuyanta ya fito. Wani lokaci tana tsaye a gaban murhu sai ta ji barci na fizgarta.

A safiya ta huɗu ta lura da wani ɗan duhu a gefen ciwon, bai kai ƙwayar wake ba. Ta ɗauka sau uku ta tura. Ko minti goma ba a yi ba wayar ta yi ƙara, a falo, a gaban kowa.

"Ga shi nan!" Yaya ta yi tsalle. "Kwarton ne! Ka ce ta sa a sifika!"

Dogo ya ɗago kai ya dube ta. Amarya ta gaji. Ta danna sifika ta ajiye wayar a kan tebur.

"Malama, likita ne. Wannan baƙin da kika ɗauko ba na son sa ko kaɗan. Ku kawo Inna yanzu-yanzu, kada ku jira azahar."

Dogo ne ya fara motsi. Ya faɗa ɗakin uwarsa, ya tarar da ƙafar a buɗe don Amarya ba ta gama naɗewa ba. Ya yi baya ya dafa bango.

"Inna! Haka abin yake? Haka?"

A bayansa ya goyo ta ya sauko matakala.

Sun yi awa uku a kan bencin asibiti, cikin warin magani da kukan yara, kafin likitan ya fito yana cire safar hannu. Dattijo ne mai furfura, gajere.

"Wace ce mai turo min hoto?"

Amarya ta miƙe da ƙyar.

"To ku gode mata. Mun kankare wajen, mun tare shi. Da an ƙara kwana biyu, da yanzu maganar yanke ƙafa muke yi, ba ta wanki ba. Mutane da yawa nakan ce su turo hoto, su yi kwana uku su gaji. Ita ko fashin rana ɗaya ba ta yi ba."

Da ya wuce, Amarya ta buɗe wayar ta miƙa wa mijinta. Ya riƙa turawa da yatsa. Ƙafa, ƙafa, ƙafa. Takardar magani. Awon suga. Ƙafa. Tun daga ranar farko har yau, babu hoton fuskar kowa, ko tata. Yaya ta leƙo ta kafaɗarsa, ta kai hoto na biyar ta rufe baki da mayafi ta fashe da kuka.

"Ni da Inna ta haifa ban taɓa kwance bandejin nan ba... Amarya, ki yafe min. Bakina ya cuce ni."

"Ya wuce, Yaya."

Dogo ya durƙusa a gabanta, a nan kan barandar asibiti, mutane na wucewa suna kallo.

"Tashi mana, ana ganinka!"

"A gan ni. Kwana uku ina kwana a kujera ina jin tausayin kaina, ashe ke ce abar tausayi. Na ce ban yarda ba, amma na bar zato ya zauna min a zuciya. Ki yafe wa direbanki."

Sai a lokacin kukan da ta daɗe tana dannewa ya ƙwace mata.

Da aka ba su izinin shiga, Inna ta ji duk abin da ya faru, ta yi ta salati.

"Laifina ne. Na ɗora wa yarinya kayan da ya fi ƙarfinta, na ce ta yi shiru. Ina gudun tayar da hankalin ɗana, na kusa kashe masa aure. Amarya, ko 'yar cikina ba za ta yi min abin da kika yi ba. Allah Ya ba ki masu yi miki."

Bayan mako biyu aka sallamo su. Dogo ya nemi a mayar da shi jigilar cikin gari, ya daina kwana a hanya. Yaya ta karɓi kwana uku a mako, Amarya ta koya mata wankin ciwo da yadda ake riƙe waya kada hannu ya yi rawa. Ranar farko da Yaya ta karɓi aiki, Amarya ta ce bari ta ɗan kishingiɗa kafin ruwa ya tafasa. Ba ta farka ba sai bayan la'asar. Ta fito a firgice, ta tarar da mijinta a kicin yana fama da tukunya, ya ƙona albasa, Yaya na yi masa tsiya, Inna kuma na zaune a falo tana dariya, ƙafafunta biyu a kan matashi.

Wata biyu bayan haka Inna ta sauko matakala da ƙafarta, tana dogara sanda.

Masu karatu, zato yana da saurin shiga gida, kuma ba ya neman hujja kafin ya raba masoya. Kafin ka yanke wa naka hukunci, ka bincika, ka kuma tuna halinsa da ka sani tun farko. Iyaye su ma su duba nauyin sirrin da suke ɗora wa na ƙasa da su. Mai haƙuri kuwa, ko an yi kwanaki ana yi masa kallon mai laifi, ranar da gaskiya za ta fito ba sai ya buɗe baki ba, wasu ne za su faɗe ta a madadinsa.